Cinikin Biri a Sama

Jama'a, akwai wata cuta da ta fara leƙo gidajenmu a nan Amurka, gara a yi maganarta tun ba ta zama annoba ba. Cutar ita ce bautar lamba. Yaro ɗan shekara 16 yana wasan besbol a sakandare, wani kamfani ya sa sunansa a jeri ya ce shi ne na kaza a jiharsu, shi ke nan gida ya rikice. Uba ya ɗauki hoton jerin ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan gari, ana ta "Ma sha Allah, Alhaji, hutu ya kusa." Daga ranar aka daina tambayar yaro makin lissafinsa, sai gudun jifansa. Ni kuwa cewa nake yi wannan lamba farashin kasuwa ce, kuma uban da ya gina rayuwar ɗansa a kanta cinikin biri a sama ya yi.

Mu iyaye da tamaula muka tashi, da dambe da kokawa da langa. 'Ya'yanmu kuwa, musamman na Bronx, sun taso tare da 'ya'yan mutanen Dominika, suna hangen filin Yankees daga tagar jirgin ƙasa, dole besbol ya shiga jininsu. Babu laifi a nan. Matsalar ita ce mun shiga kasuwar da ba mu san awonta ba, ga shi an ce baƙo ko da ido makaho ne. To bari mu fara da yadda kasuwar take ci.

Kowane watan Yuli ƙungiyoyi 30 na babban rukuni suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi. An fara wannan tsari a 1965. Da zagaye 40 ake yi, amma daga 2021 aka mai da shi 20, wato mutum 600 da 'yan kai a shekara, kuma akasarinsu 'yan jami'a ne. Yaran da ke wasan a sakandaren ƙasar nan sun haura 450,000. Wanda aka zaɓa ma bai iso ba, sai ya bi ta ƙananan rukunai hawa-hawa, shekara da shekaru a motar safa daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana neman gurbi a inda kowace ƙungiya mutum 26 kawai take ɗauka. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Kafin ranar zaɓe kowace ƙungiya tana da 'yan leƙenta. Na yanki ne zai fara ganin yaro, in ya yaba sai a turo na sama da shi ya gwada shi da yaran wasu jihohi, sannan magana ta kai ga shugaban sashe. Abu biyar suke aunawa a jikin mai bugu: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu. Suna ba da maki daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babban rukuni. A sa yaro ya yi gudun yadi 60 ana riƙe da agogo. In mai jifa ne a auna masa na'ura a ga mil nawa ƙwallonsa ke yi a awa. Duk wannan awo ne na gaskiya, ba ni da ja.

Amma ku lura, maki biyu ake rubutawa a kowane gurbi: na yau, da na abin da ake zaton yaro zai zama nan da shekara biyar ko shida. Kuma na biyun ake saye. Daga ina ake samo shi? A dubi faɗin kafaɗa, a dubi tsawon ƙafa, a waiwaya a dubi jikin uba da uwa a wurin 'yan kallo don a kintaci inda girman yaro zai tsaya. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya ga dillali yana shafa bayan maraƙi yana faɗin irin bijimin da zai zama ya san wannan aiki. Dillalin ba maƙaryaci ba ne, ya san dabba. Sai dai bai san cutar da za ta shigo garke baɗi ba.

Kuma jerin da kuke gani a waya ma ba na ƙungiyoyin ba ne. Nasu a ɓoye yake, ba sa nuna wa kowa. Wanda ake bugawa na 'yan jarida ne irin su Baseball America da MLB Pipeline, masu tattara ra'ayin 'yan leƙe, sai kuma na kamfanonin da ke shirya bajekolin yara. A nan nake so a buɗe ido. Kamfanin da ke karɓar kuɗin shiga bajekoli shi ne kuma yake fitar da jerin daraja. Ban ce ana sayar da lamba ba. Abin da na ce, wanda bai je ba da wuya a gan shi, kuma zuwan kuɗi ne: na rajista, na jirgi zuwa Jojiya ko Fulorida, na otal, na sanda da safar hannu, ga kwanakin aikin da uba zai rasa. Direban tasi da mai aikin kula da tsofaffi za su yi tseren aljihu da likita da lauya ke nan.

In kuna son ganin inda wannan hanya ta kai, ku dubi fuskokin filin. A farkon shekarun 1990 baƙaƙen Amurka sun kai wajen kashi 18 cikin 100 na 'yan babban rukuni, yau suna wajen kashi 6. A wasan ƙarshe na cin kofi na 2022 babu baƙar fata haifaffen Amurka ko ɗaya a ƙungiyoyin biyu, abin da ba a gani ba tun 1950. Dalilan suna da yawa, amma tsadar hanyar tana cikin manyansu. A zaɓen wannan shekarar kuma, na ɗaya Jackson Holliday ne, na biyu Druw Jones, dukansu 'ya'yan tsofaffin taurarin wasan. Yaran gwanaye ne, babu musu. Amma wanda aka haifa a gindin rijiya ba a haɗa shi da mai tafiyar yini neman ruwa.

Yanzu mu duba aikin masu lambar da kansu. A 1966 ƙungiyar Mets ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki ɗan sakandare Steve Chilcott, ta bar Reggie Jackson ya tafi a na biyu. Chilcott bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babban rukuni ba, Jackson kuwa ya shiga zauren gwarzaye. A 2009 sai da aka kira suna 24 kafin a kira Mike Trout, yaro daga Millville a jihar New Jersey, inda sanyi ke gajarta kakar wasa, 'yan leƙe ba su cika zarya ba. Sau uku ya zama gwarzon shekara. Mookie Betts, ɗan ƙaramin jiki daga Nashville, sai a zagaye na 5 aka tuna da shi a 2011, ga shi ya zama gwarzon 2018. Waɗanda suka yi waɗannan kurakurai ƙwararru ne masu albashi, da likitoci da kwamfutoci a bayansu. To ina ga jerin da ke jera yaran aji biyu na sakandare?

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Gaskiya ne, wani lokaci ana ganewa. Ken Griffey ƙarami a 1987, Chipper Jones a 1990, Alex Rodriguez a 1993, Joe Mauer a 2001, duk daga sakandare aka ɗauke su a lamba ta ɗaya, kuma sun cika alkawari. In aka haɗa jimla, 'yan zagayen farko sun fi na zagaye na 15 kaiwa ga gaci nesa ba kusa ba. Amma jimlar ta wa ce? Ta ƙungiya ce. Ita tana sayen kai 20 a shekara, baɗi ta sake sayen 20. In biyu suka yi kyau ta ci riba, sauran ta sallame su ba tare da ta rasa barci ba. Kai kuwa ɗa ɗaya gare ka a wannan kasuwa, da gwiwar hannu ɗaya da yake jifa da ita. Lissafin mai garke daban, na mai akuya ɗaya daban.

Maganar gwiwar hannu ita ta fi ci mini rai. Tunda na'ura gudu take aunawa, kuma gudu ke ɗaga lamba, sai yaro ya yi ta jifa iya ƙarfinsa rani da damina: na makaranta, na ƙungiyar tafiye-tafiye, na bajekoli. Jijiyar gwiwa kuwa ba ƙarfe ba ce. Aikin da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 don ceton babban ɗan wasa, yau har yaran sakandare ake kwantarwa a yi musu, kuma jinyarsa takan haura shekara. Hukumar wasan da kanta ta fitar da ƙa'idoji a 2014: ɗan shekara 17 zuwa 18 kada ya wuce jifa 105 a rana, kuma ya huta na watanni a kowace shekara. Wa zai ƙirga masa in koci uku ne ke amfani da shi, kowa na son nasa kofin? Uba ne ya kamata. Amma uban da lamba ta rufe wa ido shi ne ma zai ce a ƙara.

Ku tuna da Brady Aiken. A 2014 Houston ta ɗauke shi a lamba ta ɗaya, yaro ɗan shekara 17 daga San Diego, aka daidaita a kan dala miliyan 6.5. Da likitocin ƙungiya suka duba gwiwar sai aka zabge tayin, wa'adi ya cika ba a sa hannu ba. Watan Maris na 2015 aka yi masa tiyata. Cleveland ta ɗauke shi a lamba ta 17 a wannan shekarar, amma har ya bar wasa bai taka babban rukuni ba. Na ɗaya ke nan a duk ƙasa, kuma hoton asibiti ɗaya ya sauya farashinsa.

Akwai wani awon da ba a bugawa a jeri, alhali ya fi shafar mu. Kafin zaɓe ɗan leƙe yakan ziyarci gida. Zai yi fara'a, ya yaba tarbiyyar yaro, ya sha shayin Hajiya. Amma aikin da ya kawo shi shi ne ya gano nawa za ku karɓa. Tun 2012 kowace ƙungiya tana da iyakar kuɗin da za ta kashe a kan waɗanda ta zaɓa, don haka abin da ta rage a kanku wani za ta ba. Gidan da aka ga a matse yake, yaro kuma ba shi da makin shiga jami'a, an san ba shi da wurin zuwa. A nan ne rashin karatu yake zama asarar tsabar kuɗi.

Mahaifiyar Brien Taylor ta gane wannan. A 1991 Yankees suka ɗauki ɗanta a lamba ta ɗaya suka taya wajen dala 300,000. Talakawa ne a North Carolina, amma ta ce albarka, in ba a gyara ba yaro kwaleji zai tafi. Ana gab da fara karatu suka biya dala miliyan 1.55. Bayan shekara biyu yaron ya lalata kafaɗarsa a wani faɗa, bai taɓa kaiwa babban rukuni ba, kafin alƙalamin nan shi ne babban abin da wasan ya ba shi. Gerrit Cole kuwa a 2008 Yankees suka zaɓe shi na 28, ya ce jami'a zai je. Bayan shekara uku a UCLA ya fito na ɗaya, aka ba shi miliyan 8. Ba kowa ne zai yi sa'ar Cole ba, wani zai je jami'a ya ji ciwo. Amma shi ya faɗi a kan karatu. Wanda aka sallama daga ƙaramin rukuni yana ɗan shekara 22, inda ko bayan ƙarin albashin 2023 abin da ake biya a matakin ƙasa bai kai dala 30,000 a shekara ba, a kan me zai faɗi?

Kada kuma a ruɗe ku da cewa besbol kaɗai zai biya kuɗin jami'a. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, tallafin karatu 11.7 kacal aka yarda babbar jami'a ta raba wa duk ƙungiyarta, kowa ya sami ɗan yanki. Makin aji ne ke cike giɓin.

Saboda haka, 'yan'uwa, ban ce a hana yaro wasa ba. A bar shi ya yi, a je a kalle shi, a koyi dokokin wasan ko don a san abin da ake tafa wa. Amma a riƙe littafin ƙirgar jifansa a gida, a ba hannunsa hutun da likitoci suka ce. Kada a ci bashi ko a taɓa kuɗin adashin Hajiya don bajekoli na biyar a shekara ɗaya. In ɗan leƙe ya zo, a karɓe shi da mutunci, kada a faɗa masa farashi a zaman farko, a nemi wanda ya san kasuwar a ji nawa ne la'adarsa. In an kai ga sa hannu, a tabbatar an rubuta kuɗin karatun jami'a a cikin yarjejeniya, don tsarin yana nan, sai wanda ya nema.

Ranar da sabon jeri ya fito kuma, yaro ya sauka daga inda yake, ku dubi fuskarsa kafin ku dubi waya. Shekararsa 17, kuma ya riga ku gani. In ya tarar a gidansu ma darajarsa tana hawa da sauka tare da lambar, to mun zama dillalan 'ya'yanmu da kanmu. Allah Ya raya mana su, Ya tsare musu lafiyarsu.