A bar bawan Allah ya huta mana

1/ A 2022 Kunle Adeyanju ya tuƙo babur tun daga Landan har Legas don tara kuɗin yaƙi da shan inna. Sama da wata guda a hanya, har Sahara ya ratsa.

2/ Ni abin da ke ba ni haushi, irin waɗannan mutane suna isowa sai mu yi musu caa. Hoto, hira, liyafa. Mutum ƙugu ya riƙe, barci yake ji!

3/ Ku bar shi ya sulale gidan abokinsa kwana biyu, ya sha kunu, ya miƙe ƙafa, waya a kashe. Kai mai neman hoto, nawa ka saka a asusun? Wani ko sisi wallahi.