Jerin da Ba Ya Karɓar Sauyi: Darasi Daga Harshen Java

Mai karatu, a wannan mako zan karkata zuwa fannin da nake koyarwa, wato shirya manhajar kwamfuta, domin akwai batu a cikinsa da ya shafi amanar bayanai, ita kuwa amana ta shafi kowa.

Kusan kowace manhaja tana ajiye bayanai a jere: ɗalibai da makinsu, ma'aikata da albashinsu, magunguna da farashinsu. A harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, idan wani sashe na manhaja ya miƙa jeri ga wani sashen, adireshin inda jerin yake ajiye kawai yake ba shi. Ke nan wanda ya karɓa yana iya ƙarawa ko ya goge, mai jerin bai sani ba. Irin wannan kuskure yana da wuyar ganowa, musamman idan sassa da dama suna aiki a kan jeri ɗaya a lokaci guda.

Maganin shi ne a gina jerin da ba ya karɓar sauyi, sai dai a nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Tun 1998 Java yake da umarnin Collections.unmodifiableList, sunan kuwa yana ruɗin mutum. Abin da yake bayarwa tamkar taga ce mai ƙarafuna: na waje yana ganin kayan ɗaki amma ba ya iya taɓawa, alhali wanda ke riƙe da jerin asali yana shiga ta ƙofa ya sauya abin da ya ga dama, sauyin kuma ya bayyana ta tagar nan take.

A watan Satumba na 2017 Java 9 ya zo da List.of da Set.of da Map.of. Waɗannan suna gina jeri a kulle tun daga tushe. Duk wanda ya yi yunƙurin ƙari ko gogewa, manhaja za ta ƙi, ta sanar da kuskure. Ba sa karɓar gurbin da babu komai a cikinsa, Set.of kuma ba ya yarda a maimaita abu sau biyu. A watan Maris na 2018 Java 10 ya ƙara List.copyOf, wanda ke ɗaukar kwafi mai zaman kansa, ta yadda ko an sauya na asali, kwafin yana nan yadda yake.

Duk da haka akwai sauran tarko. Kulle jeri bai kulle abin da ke cikinsa ba. Ba za a iya cire sunan ɗaliba daga jerin ba, amma idan bayananta an gina su a buɗe, ana iya mayar da makinta 70 ya koma 40, jerin bai ce uffan ba. Dole kowane abu da ke ciki shi ma a kulle shi, aikin da tsarin record na Java 16, a 2021, ya sauƙaƙa.

Gaskiya ne kullewa tana da tsada, domin kowane sauyi yana buƙatar sabon kwafi, wanda ke cin lokaci da ma'ajiya. Saboda haka ƙa'idar da nake koyarwa ita ce: ka gina jerinka a buɗe a cikin sashenka, amma kada ya fita hannunka sai a kulle. Joshua Bloch ya ba da shawara makamanciyar wannan a littafinsa Effective Java tun 2001, cewa a rage damar sauyi gwargwadon iko.

Kirana ga 'yan'uwana malamai shi ne mu sake tsarin darasinmu. Muna koya wa ɗalibi ƙari da gogewa a makon farko, mu bar kullewa sai ƙarshen zango, idan ma lokaci ya bari. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su rubuta manhajar sakamakon jarrabawa da ta biyan albashi, rigakafi kuwa ya fi magani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.