Ra'ayinmu: Su wa suka yi kyaftin ɗin Mena?

Idan ka zauna a fadar matasa a Tebaram ko a cikin garin Tawa ka jefa zancen kokawa, shayi zai huce ba a gama ba. Za a tuna maka cewa a nan Tawa aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka, a bi sarakunan kokawa ɗaya bayan ɗaya har a iso kan Issaka Issaka na Doso. To amma juya zancen ka ce a lissafa maka waɗanda suka yi kyaftin ɗin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Suna biyu ko uku za a kira, sai a koma gardamar Madrid da Barcelona.

Abin da ya tuno mana da wannan giɓi wani wasa ne da ba mu yi a Nijar, wato kurket. A wannan wasa, wanda a babban zubinsa kan ɗauki kwana biyar, kyaftin ne ke zaɓen wanda zai jefa ƙwallo, shi ke cewa wane ya tsaya nan wane ya tsaya can, koci kuwa ɗan kallo ne da zarar an shiga fili. Shi ya sa ƙasashen da ke yin sa suke adana sunayen kyaftin ɗinsu kamar jerin sarakuna. Wasan farko na wannan mataki an yi shi a Melbon a watan Maris na 1877, kuma har gobe an san James Lillywhite ne ya ja Ingila, Dave Gregory ya ja Ostireliya. Indiya ta fara da C.K. Nayudu a 1932.

Jerin nan ya wuce ado, don a cikinsa ake karanta yadda ƙasa take. Ƙungiyar tsibiran Karebiyan da ake kira West Indies ta shafe shekara talatin akasarin gwanayenta baƙaƙen fata ne, amma shugabanci na hannun farare, in ban da wasa ɗaya tak da aka bai wa George Headley a 1948. Sai da ɗan jarida C.L.R. James ya dage da rubutu a jaridar The Nation ta Tirinidad kafin aka naɗa Frank Worrell, wanda ya ja ƙungiyar zuwa Ostireliya a 1960. Yau hotonsa na kan takardar dala biyar ta Barbados. A Afirka ta Kudu kuma Temba Bavuma ne baƙar fata na farko da aka damƙa wa ragamar ƙungiyar, kuma a watan Yunin 2025 ya ɗaga kofin duniya na wasan kwana biyar a Landan bayan doke Ostireliya. Da ba a ajiye jerin ba, da wa zai san cewa shi ne na farko?

Mu ma ba mu rasa abin ajiyewa ba. A watan Oktoban 2010 Mena ta doke Masar, mai riƙe da kofin Afirka, da ci ɗaya mai ban haushi a filin Seyni Kountché, ƙwallon Moussa Maazou. Shekara guda bayan nan 'yan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a filinsu bayan canjaras da Saliyo, suna tsammanin sun tsallake, alhali Nijar ce ta haye duk da kashin 3-0 da ta sha a Alƙahira. Idrissa Laouali ne ya shige gaba lokacin da yaran Harouna Doula suka taka fili a Gabon a 2012, zuwanmu na farko gasar. A 2013 Maazou ya ɗaura kambun, aka samo maki na farko a canjaras da Kwango. Mai tsaron raga Kassaly Daouda shi ma ya riƙe shi daga baya. Wannan zamanin talabijin ne da intanet, shi ya sa bai ɓace ba. Waɗanda suka ja ƙungiyar a shekarun 1960 zuwa 1990 fa, lokacin da ake kwana a mota don zuwa wasa? Yaron da ke buga ƙwallon tsumma a Tebaram bai taɓa jin sunansu ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Za a ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi, wadda ƙungiyarta ta yi ta karɓar baƙi a Maroko saboda filin Yamai bai cika ƙa'ida ba, tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne. Sai dai gyaran fili miliyoyi yake ci, shi kuwa wannan aiki ɗan rikoda ne da kuɗin mota da mutum biyu masu haƙuri. Abin da ya sa yake da gaggawa shi ne masu labarin tsufa suke yi, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Kokawa ta tsira daga mantuwa ne saboda tana da makaɗa da masu kirari, kuma kowace shekara rediyo kan maimaita sunayen waɗanda suka ci takobi. Ƙwallon ƙafa ba ta da maroƙa irin waɗannan, takarda ce kawai madogararta. A nan dole mu 'yan jarida mu karɓi namu kason na laifi, domin mun fi saurin kawo labarin wanda aka bai wa kambu a Manchester fiye da neman tsohon kyaftin da ke zaune a unguwarmu.

Muna kira ga hukumar FENIFOOT da ta fito da cikakken jerin kyaftin ɗin Mena, da shekarun kowa, da garin da ya fito, da kulob ɗin da ya buga wa, ta saka a shafinta inda kowa zai gani. Tsofaffin bugun jaridar Le Sahel da faya-fayan Muryar Sahel su ne wurin farawa. Inda takarda ta yi shiru, a je wa tsofaffin 'yan wasa a Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, a naɗi muryarsu da Hausa da Zabarmanci, a raba wa gidajen rediyon karkara su saka kafin wasan Mena na gaba.