Zancen Bakin Asusu: Mazubi da zafi ke kai nono kasuwa

 

Yau a kan nono za mu zauna, saboda wani abu da ya same mu a ƙungiyarmu. A azumin da ya faɗo cikin bazara, wata ƴar uwarmu ta ɗauki rancen jika 10 a asusu don ta riƙa yin kindirmo tana sayar wa masu fura da masu buɗa baki. Ba baƙuwar sana'ar ba ce, duk hunturu ta yi ta, kuma nononta ya yi suna a unguwa. Sai ga shi kwana uku a jere tana buɗe bokiti da safe ta tarar ruwa ya hau sama, gudaji sun kwanta ƙasa, ga tsami mai kashe haƙori. Ta zo taro da hawaye, tana cewa an yi mata baki.

Muka tashi mu huɗu muka bi ta gida. Wallahi babu bakin kowa a ciki. Baƙin bokitin roba ne, an ajiye shi a ɗakin kwano da ya sha rana tun safe, kuma tana barin nonon daga magariba har hantsi, kamar yadda ta saba a watan sanyi. Abin da ya yi mata daidai a hunturu shi ya cinye mata jari a bazara. Asarar kuwa ta mu duka ce, tunda kuɗin da ta ɗauka zubinmu ne. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idar ke nan: a ci rance, a juya, a mayar, wata ma ta samu.

To mene ne ke mayar da madara kindirmo? Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna cikin irin da muke zubawa. Suna cin zaƙin madara, suna fitar da tsami, tsamin ne ke sa ta yi kauri. Masu rai ne, saboda haka suna da zafin da suke so, wajen digiri 40 zuwa 45, wato sama da ɗumin jikin mutum kaɗan. In zafi ya wuce haka da yawa sai su mutu. In sanyi ya yi yawa sai su yi lamo, madara ta daɗe ba ta kama ba, kafin nan wasu ƙwayoyin cuta sun samu wuri.

Nan ƙasar Damagaram kuwa, kowa ta sani, a Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka. A Disamba da Janairu kuma da asuba sai mun ja bargo. Ta yaya nono zai kwana iri ɗaya a waɗannan lokuta biyu?

Mu fara da mazubi.

Ƙwarya gadonmu ce, kuma matan Fulani da ke kawo mana nono ba su riƙe ta a banza ba. Tana riƙe ɗumi, ba ta tsatsa, ba ta ba nono ɗanɗanon ƙarfe. Aibinta ɗaya: jikinta na shan abin da aka zuba. Dole a wanke ta tas, a shanya ta a rana ta bushe ƙayau. Wadda ta tsage aka ɗinke, a mayar da ita awon hatsi, don dauɗa na ɓoyewa a bakin ɗinkin.

Tukunyar ƙasa aikinta sanyaya abu, shi ya sa ruwan randa ya fi na jarka daɗi. A hunturu tana janye wa madara ɗumi da wuri, amma a bazara babu kamarta wajen ajiye nonon da ya riga ya kama.

Langa da kwanon silba masu murfi suna da sauƙin wanki, kuma tsami ba ya cin su. Sai dai langar da fentinta ya ɓamɓare har baƙin ƙarfe ya fito, ta gama aikin nono.

Roba kuma, in za a saya a sayi fara sabuwa, wadda aka yi don abinci, mai murfi. Ƴan uwa, don Allah a rabu da bokitin fenti, da jarkar mai, da duk wani mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona. Ko an wanke sau goma, dafin na nan a jikin robar. Araha ba ta ado. Ita ma tukunyar dalma da muke girki, a dafa madara a ciki ba laifi, amma kada a bar abu mai tsami ya kwana a cikinta, tsami na cin jikinta. Haka bokitin ƙarfe na ɗiban ruwa.

Yanzu ga yadda muka koma yi a ƙungiyarmu.

Madarar shanu sai an dafa ta ta tafasa, ana juyawa kada ta kama. Dafawar ce ke kashe ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale da kan biyo ɗanyar madara daga dabba zuwa mutum. Mai amfani da madarar gari ita ma ta tafasa ruwanta. Sai a sauke, a rufe, a bar ta ta huce. Ba mu da ma'aunin zafi, amma muna da hannu: a ɗiga kaɗan a bayan hannu da cokali mai tsabta. In kin ji ɗumi sosai amma bai ƙona ki ba, lokaci ya yi. Sai a zuba iri, cokali biyu zuwa uku a kowace lita, a juya sau ɗaya, a rufe, kada a ƙara motsa shi.

A hunturu, gaba ɗaya aikin shi ne riƙe ɗumin. A naɗe mazubin da tsohon bargo mai tsabta, ko a sa shi cikin kula, ko cikin kwando da aka shimfiɗa wa tsummoki, a ajiye a ƙuryar ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Haka zai kwana ya kama.

A bazara kuwa ba a neman bargo. A nemi ɗakin ƙasa ko inuwa, nesa da murhu da kwano. Daga awa 4 a fara dubawa: a karkata mazubin kaɗan, in nonon ya tsaya bai gudana ba, ya yi. Daga nan sai a sanyaya shi, don halittun nan ba su san an gama ba, ci gaba za su yi ta yi har ya tsinke. Mai son nonon yamma ta haɗa da safe. Mai son na safe ta tashi cikin dare ta duba, musamman a azumi da ake tashin sahur.

Da yawanmu ba mu da firigo, amma akwai dabarar da wani malami ɗan jihar Jigawa, nan ƙetaren iyaka, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan na bushewa, cikin na yin sanyi. Ta fi aiki a rani, lokacin da iska ke bushe. Ba ta kai firigo ba, don haka nonon yau a sayar da shi yau.

Iri ma a kula da shi. A cire na gobe tun kafin a fara sayarwa, a mazubinsa daban. In ya fara yauƙi, ko ɗaci, ko kumfa, a zubar, a nemo sabo wurin wadda nononta ke da kyau.

Masu kunun zaki da zoɓo, ku ma zancen ya shafe ku. Abu mai sukari in ya daɗe a rufe cikin zafi, yis na shiga ya fara aiki, kuma aikin nan shi ne ke mayar da hatsi giya. In kika ga gora ta kumbura, ko ta yi tsit da kika buɗe, ga kumfa na tasowa, to ya fara juyawa. Kada a sayar wa mutane, balle mai azumi. Ƙullun masa shi ma haka yake: wanda ke kwana a hunturu, a bazara ƴan awoyi sun ishe shi tashi.

Ita ƴar uwar tamu, taro ya ƙara mata wata guda kafin ta biya. Ta sayi langa biyu, ta mayar da haɗin nononta safe, maƙwabciyarta mai ginin tukwane ta yi mata tukunya cikin tukunya. Ta biya kuɗin asusu cif, kuma yanzu ita ke nuna wa sababbi.

Ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiya kafin taro mai zuwa. Duk wadda ta ci rance don nono, kunu ko masa, ta zo da mazubinta a gani. Sakatariya kuma, ko duk wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci, ta buɗe shafi a bayan littafin zubi: ranar da aka haɗa, ƙarfe nawa aka zuba iri, ƙarfe nawa ya kama. In muka yi haka daga hunturu zuwa damina, kowace unguwa za ta san awoyinta, mai shigowa sana'ar gobe ta tarar da su a rubuce.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mana jari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.