Ƙarar ƙafar mota gargaɗi ce, ba laifin hanya kaɗai ba

Duk mai bin titunan Abuja da manyan hanyoyin da ke fita daga cikinta ya taɓa ganin mota durƙushe a tsakiyar kwalta, tayar gaba ta karye ta kwanta gefe, direban na tsaye yana salati. Masu wucewa kan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Sai dai a mafi yawan lokuta motar ta daɗe tana kuka kafin ta durƙushe. Makonni ta yi tana ƙwanƙwasa duk lokacin da ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, mai ita kuwa yana ƙara muryar rediyo, yana ɗora wa hanya laifi.

Ba shakka hanyoyin suna da nasu alhakin. Ramuka da gargada, da lodin da ya wuce kima, suna gajarta rayuwar ƙafar mota. Ƙurar hunturu da ruwan damina kuma suna samun shiga da zarar robar da ke rufe mahaɗar ƙarfe ta yage, su wanke giris, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Amma sanin wanda ya jawo ciwo ba ya warkar da shi, kuma gwamnati ba za ta zo ta ɗaga motar kowa a kan jak ba.

Kowace ƙara tana da ma'anarta. Ƙwanƙwasa mara nauyi da ake ji a kan ƙananan gargada, musamman idan taya ɗaya ce ta taka, galibi daga linkej take fitowa, wato ɗan sandan ƙarfen da ke haɗa ƙafa da sandar da ke hana mota karkata a kwana. Wannan gyara ne mai sauƙin kuɗi. Kukan da ya yi kama da na tsohuwar ƙofa yakan nuna cewa robobin bushin sun bushe sun tsage. Idan kuwa mota ta ci gaba da lilo bayan ta sauka daga tudu, ko aka ga mai yana tsiyaya a jikin shokazoba, to shi ne ya gaji. Gwajinsa ba wuya: a danna kusurwar motar da ƙarfi a saki, in ta yi sama da ƙasa fiye da sau biyu, lokacin canji ya yi.

Wanda ba a yi wa jinkiri shi ne bol-join, mahaɗar da ke riƙe da taya tana ba ta damar juyawa. Ƙararsa ta fi nauyi, wani lokaci har da gurnani idan an murɗa sitiyari. Ana gane shi ta hanyar ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, ana zargin bol-join ko boris ɗin taya. In kuma an kama ta hagu da dama ta yi wasa, tayarod ne abin dubawa. Waɗannan biyun, idan suka tsinke a kan gudu, direba ba shi da sauran iko da motarsa. Kafin duk wannan, ya kamata a tabbatar ba jak ko safaya ne ke yawo a but ba, ko salansa da robarta ta tsinke.

A nan ne nauyi ke komawa kan masu gyara. Daga garejojin Apo zuwa Panteka a Kaduna akwai ƙwararrun da ke gane ciwon mota da kunne kawai, amma akwai kuma masu canki-canka, waɗanda da jin ƙara sai su ce a sayo shokazoba, domin shi ya fi tsada. A canza, ƙarar ta ci gaba, a sake tura mai mota kasuwa. Haƙƙin mai mota ne makanike ya hau motar tare da shi ya ji ƙarar, ya ɗaga ta, ya nuna masa wurin da ke wasa kafin a kunce ko da noti ɗaya. Shi ma mai motar ya tuna araha ba ta ado: tsohon bol-join da aka ciro daga wata mota ba wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki. Shokazoba kuwa bibbiyu ake canza shi, hagu da dama, sannan bayan an taɓa tayarod dole a yi alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO, ya dace su ba ƙafar mota muhimmancin da suke ba taya da birki wajen wayar da kai, kuma takardar shaidar lafiyar mota ta zama tabbacin cewa wani ya leƙa ƙarƙashinta. Shugabannin tasha su ma za su iya hana lodi ga duk motar haya da aka ji tana ƙwanƙwasa, domin fasinjan da ya biya kuɗin kujera bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Duba ƙafar mota ba ya cin rabin sa'a. Direban da ya ji ƙara da safe, ya fi masa alheri ya biya gareji kafin ya kama hanyar Kaduna ko Lokoja da iyalinsa.