Gyara Kayanka Ko Sauke Mu Raba?

A ranar 27 ga watan Maris na shekarar 2025 ne kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa, wanda yake ɗaya daga cikin manyan masu ƙaga wasannin kwamfuta da sayar da su a duniya, ya ba da sanarwar cewa zai tsame wasanninsa guda 3 da suka fi kawo masa kuɗi, watau Assassin's Creed da Far Cry da Rainbow Six, ya kafa musu wani sabon kamfani a ƙarƙashinsa. Kamfanin Tencent na ƙasar Sin kuma ya yarda zai zuba Yuro miliyan 1,160 a cikin sabon kamfanin, a ba shi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa. An raɗa wa jaririn suna Vantage Studios, aka kuma kammala cinikin a watan Nuwamba na wannan shekarar.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa manomin citta na Samarun Kataf da cinikin attajiran Faransa da na Sin? Haɗi biyu ne. Na farko ƙarami ne: wasan nan na PUBG Mobile da samari ke duƙufa a kansa a wayoyinsu, daga hannun Tencent ɗin ya fito, saboda haka mai kuɗin ba baƙo ba ne a aljihun yaran garin. Na biyu shi ne babba. Irin wannan garambawul da aka yi wa Ubisoft domin a jawo mai jari daga waje, an yi ta yi wa kamfanin da ke rarraba wutar lantarki a Jihar Kaduna, wanda da wutarsa ne mai shagon wasan yara da mai walda da mai injin niƙa ke neman abinci tun daga Kachia har Kafanchan. Abin da ya auku a Faransa an yi shi a fili, an buga sharuɗɗansa kowa ya karanta, don haka ya zama madubin da za a duba a gane abin da ake yi a gida.

'Yan'uwa 5 ne 'yan gidan Guillemot suka kafa Ubisoft a shekarar 1986. Iyayensu 'yan kasuwa ne masu sayar wa manoma kayan aiki a wani yankin karkara na yammacin Faransa. Kamfanin ya bunƙasa har ya buɗe ma'aikatu a ƙasashe da dama, mafi girmansu a birnin Montreal na Kanada. A shekarar 2015 wani ƙaton kamfanin Faransa mai suna Vivendi ya shiga sayen hannun jarinsa da niyyar haɗiye shi, 'yan gidan suka yi tsayin daka, har Vivendi ya gaji ya sayar da nasa a shekarar 2018. A wannan ciniki ne Tencent ya fara sa ƙafa, ya sayi kashi 5 cikin 100. A tsakiyar shekarar nan ta 2018 hannun jarin Ubisoft guda ɗaya ya haura Yuro 100 a kasuwa.

Daga nan ne tauraro ya soma dusashewa. Sana'ar wasannin kwamfuta sana'a ce mai cin jari ƙwarai: a kan ɗebi ɗaruruwan masu zane da masu tsara kwamfuta a yi shekaru ana biyansu albashi kafin wasa guda ya fito kasuwa ya kawo ko da sisin kwabo, kuma in ya fito bai karɓu ba, to shi ke nan, kuɗi sun bi ruwa. Wasan Skull and Bones ya ci kimanin shekara 10 ana aikinsa, ya fito a watan Fabrairu na 2024 bai yi armashi ba. Star Wars Outlaws ya biyo baya a watan Agusta, kamfanin da bakinsa ya amsa cewa cinikinsa bai kai yadda aka zata ba. XDefiant kuwa, wanda aka fitar a watan Mayu, kafin shekarar ta ƙare an yanke shawarar rufe shi, aka haɗa da ma'aikatun San Francisco da Osaka. Hannun jarin da ya haura Yuro 100 ya gangaro zuwa wajen Yuro 10, ga kuma bashi a wuya.

To, a wannan hali ne aka yi cinikin da Tencent, kuma ya kamata a dube shi da idon basira. Mai kuɗi bai ce zai sayi kashi ɗaya cikin huɗu na Ubisoft gaba ɗayansa ba. Sai da aka feɗe saniyar, aka ware masa tsoka a faranti guda, sannan ya miƙa hannu. An yi wa sabon kamfanin kuɗi kimanin Yuro miliyan 4,000, alhali kuwa a lokacin duka hannayen jarin uwar kamfanin a kasuwa ba su kai Yuro miliyan 2,000 ba. Ko da an yi lissafin bashin da ke kan uwar, wannan rata ta isa ta nuna yadda masu kuɗi ke kallon sauran kayan da aka bari a baya, da dubban mutanen da ke aiki a kansu.

Abu na biyu shi ne inda kuɗin suka nufa. Kamfanin bai ɓoye ba, ya ce daga cikin manufofin cinikin har da rage bashi, kuma da kuɗin suka shigo a watan Nuwamba na 2025 an ɗebi wani kaso an biya masu bin bashi tun kafin wa'adinsu ya cika. Biyan bashi ba laifi ba ne, hasali ma wajibi ne. Amma kuɗin da aka cike rami da su ba su gina ɗaki, kuma duk wanda ya ji an ambaci Yuro miliyan 1,160 ya ɗauka dukansu sabon aiki za su haifar, ya yi kuskuren lissafi.

Su wa suka ji a jikinsu? Ma'aikatan Ubisoft sun haura 20,000 a shekarar 2022, amma a shekarar 2025 sun koma ƙasa da 18,000. Shugaban kamfanin, Yves Guillemot, wanda a hannunsa aka yi duk wannan faɗuwa, ya ci gaba da zama a kujerarsa, ɗansa Charlie Guillemot kuma aka naɗa shi ɗaya daga cikin shugabanni 2 na sabon kamfanin mai riƙe da tsokar. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Kuma maganin bai kashe ciwon ba, gama a watan Janairu na 2026 sai ga wani sabon garambawul: an soke wasanni 6 da ake cikin aikinsu, an rufe ma'aikatun Halifax da Stockholm, hannun jarin kuma ya zube da kimanin kashi ɗaya cikin uku a rana guda.

Duk da haka akwai abin yabo a cinikin, kuma adalci ne a faɗe shi. An rubuta cewa Tencent ba zai sayar da rabonsa ba sai bayan shekara 5, an rubuta cewa Ubisoft zai riƙe rinjaye a sabon kamfanin na aƙalla shekara 2, an kuma rubuta cewa sabon kamfanin zai riƙa biyan uwarsa ladan amfani da sunayen wasannin. Ma'aikaci da ƙaramin mai hannun jari da ɗan jarida duk suna iya karantawa su yi gardama a kai.

Yanzu a dawo gida. A ƙarƙashin dokar gyaran harkar lantarki ta shekarar 2005 aka farfasa tsohuwar NEPA, aka fitar da kamfanoni 11 na rarraba wuta, aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. Na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara, ya ɗan makara, sai a ƙarshen 2014 kamfanin Northwest Power ya karɓi kashi 60 cikin 100, Gwamnatin Tarayya ta riƙe 40. An yi ta shela a lokacin cewa jari zai shigo, duhu zai kau. Ashe da yawa daga cikin masu sayen da kuɗin banki suka saya. A watan Yuli na 2022 bankunan da suka ba da rancen, Fidelity da Afrexim, suka tashi karɓe hannayen jarin da aka jinginar musu. A shekarar 2023 hukumar NERC mai sa ido a kan harkar lantarki ta yi barazanar soke lasisin kamfanin, kuma a watan Janairu na 2024 ta rushe hukumar daraktocinsa saboda bashin da ya kai Naira miliyan dubu 110, ta naɗa mai riƙon ƙwarya, ta ce a nemo sabon mai jari. A cikin shekarar aka amince wa kamfanin ASI Engineering ya karɓi kashi 60 ɗin. Ba a daɗe ba, a watan Fabrairu na 2025, sai takardun sallama suka fito. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta ce mutum 900 aka kora, kamfanin ya ce wajen rabin haka ne, aka shiga yajin aiki, jihohi 4 suka kwana cikin duhu.

Wanda ya karanta labarin Faransa ba zai rasa gane zanen ba: bashi, sai neman mai ceto, sai sallamar ma'aikata. Har ware tsoka daga ƙashi ma akwai irinsa. An kasa masu shan wuta aji 5, daga A mai alkawarin awa 20 a rana har zuwa E mai awa 4, kuma a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin ajin A zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni, watau ninki uku da ɗoriya. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda hankalin ɗan kasuwa zai karkata in wuta ta yi ƙaranci. Layin da ke ciyar da masana'antu da unguwannin masu hali shi ne Assassin's Creed ɗinsa. Dogon layin da ya ratsa daji da duwatsu ya kai ƙauyukan Zangon Kataf da Kaura da Jaba, mai yawan faɗuwar turaku da damina, mai ƙarancin mita, shi ne kayan da mai jari ba ya so a ɗora masa.

A nan ne kwatancin ya rabu, kuma rabuwar ita ce abin tsoro. In Ubisoft ya soke wasa, yaro ya sauya wani, ga kamfanoni nan birjik suna rububinsa. In kamfanin lantarki ya juya wa gari baya, ba wani shagon da za a koma sai janareta, ga shi kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tayar da janareta ya zama aikin mai ƙarfi. Ɗalibin makarantar koyon aikin gona ta Samarun Kataf, da mai ɗinki a Zonkwa, da asibitin da ke ajiye allurar rigakafi a firji, ba su da zaɓi.

Ba a ce mai jari maƙiyi ne ba. Ba wanda zai kawo dukiyarsa domin sadaka, kuma gaskiya ne cewa satar wuta da ƙin biyan kuɗi, har daga ma'aikatun gwamnati kansu, suna cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanonin nan. Mai shan wuta ya biya abin da ya sha. Amma shi ma yana da haƙƙin sanin abin da aka ƙulla da sunansa, musamman da yake kashi 40 na kamfanin dukiyar jama'a ce. Mutum nawa ne a Kafanchan zai iya faɗin nawa sabon mai jarin ya yi alkawarin kashewa a kan waya da taransifoma da mita, nawa kuma za su tafi aljihun masu bin bashi? Mutanen unguwa da suka saba haɗa karo-karo su gyara taransifomar da ba tasu ba sun cancanci a ba su wannan amsa a rubuce, da Hausa da Turanci, a manna a ofisoshin kamfanin.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda Dokar Lantarki ta shekarar 2023, wadda ta ba jihohi ikon kafa hukumomin kula da wutarsu. Inda jiha ta karɓi wannan iko, a kan umurci kamfanin rarraba wuta ya kafa wani ƙaramin kamfani na jihar kaɗai, kamar yadda aka yi a Enugu a shekarar 2024. Watau wuƙar fiɗa tana nan a wase. Duk ranar da aka zo yanka kamfanin Kaduna gida-gida, ko aka zo ba wani ɗan kasuwa wani yanki ya riƙe, tambayar da za ta taso ita ce wadda ta taso a Faransa: wa zai ɗauki birni, wa za a bar wa karkara da tsohon bashi?

Saboda haka wajibi ne 'yan Majalisar Dokokin Jihar Kaduna masu wakiltar Zangon Kataf da Jama'a da Kaura da Jaba da Kachia, tare da shugabannin ƙananan hukumominsu da sarakuna, su nemi a kawo musu kowace yarjejeniya su gani kafin a sa hannu. Su tsaya a kan cewa wanda ya ɗauki layin birni ya ɗauki na ƙauye tare da shi, a rubuta yawan awoyin wuta da yawan mitocin da kowace ƙaramar hukuma za ta samu da ranar da za a cika, a kuma rubuta hukuncin da zai hau kan mai jari in ya saɓa. Haƙƙin ma'aikacin da za a sallama a ware shi a banki tun kafin a buga masa takarda. Hukumar NERC kuma, tun da ta iya buga yawan bashin da ake bin kamfanin har zuwa Naira ta ƙarshe, ta riƙa buga wa jama'a duk wata 3 yawan kuɗin da sabon mai jarin ya kashe a kan aiki, da sunan garin da aka kashe su.