Filin Aikin Hannu: Lemon Zare

Wata ɗaliba ta rubuto min cewa yayarta ta haihu, suna ya matso, ita kuwa ba ta da komai sai abin da ta rage daga kuɗin tara. Ƙanwata, kada ki je hannu rabbana. Sayi zaren ulu ruwan lemo da kwarashi, ki saƙa wa jaririn lemo.

Mutanen Japan suna kiran irin wannan saƙar amigurumi. Na zaɓi lemo ne saboda ƙwallo ne kawai. Ayaba sai hannu ya faɗa.

Fara da ƙulli 6 a zagaye. Kowane zagaye ki ƙara 6: 12, 18, 24, 30. Sai ki yi zagaye 5 ba ƙari ba ragi, sannan ki riƙa rage 6. Idan kin sauko 12, ki tsaya ki cusa auduga har ya cika fam, ki rufe, ki ɗora ɗan koren ganye.

Ki matse saƙar sosai. Nawa na farko na yi shi sako-sako, auduga na leƙowa, ƙanina ya ce tumatir ne ya ruɓe.

Abu ɗaya kuma ba na wasa da shi: kada ki sa maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido. Yaro komai baki yake kaiwa. Ɗinka idon da baƙin zare, ki ɓoye bakin zaren a ciki.